Abin da masu gyaran keke suka ce kan ɗaura ƙafa a gida

Da muka zauna da masu gyaran keke, duk bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: gaggawa ce ke lalata ƙafa. Yawancin ƙafafu waya 32 ko 36 gare su, kowace tana gitta wasu wayoyi uku kafin ta kai rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. A ɗiga mai a zaren kowace waya, wato inda noti ke shiga, tukuna, a ɗaure notocin daidai wa daida.

Wajen saiti aka fi daɗewa. A kifa keken, a juya ƙafar a hankali ana kallon robar birki. Inda rim ya goge ta dama, a ƙara wa wayar hagu kwatar zagaye kawai, a ɗan sassauta ta dama. Wani dattijo ya ce shi da kunne yake aiki: yana kaɗa kowace waya da farce, wadda sautinta ya yi ƙasa ita ce sako-sako. Na gwada, kuma wallahi ana jin bambancin.

A ƙafar baya, wayoyin ɓangaren sarƙa sun fi ɗauri. Kafin a hau, a matse wayoyin bibbiyu da hannu, a sake duba saitin.