Ƙarar keke ta ƙi ɓacewa, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kekena ne ke wani ƙas-ƙas duk lokacin da ƙafar hagu ta danna feda ƙasa, sau ɗaya a kowane zagaye, musamman a hawa. Da na daina tuƙawa na bar shi yana gangarawa, sai ya yi shiru, don haka ba na zargin taya ko birki. Ba sirdi ba ne kuma, domin ko a tsaye nake tuƙawa ƙarar na nan.

Na wanke kaca na sa mata mai. Na kwance fedar hagun (wadda ake ɗaure ta ta juyin hagu, saɓanin ta dama), na shafa giris na mayar. Duk a banza.

Yanzu zargina ya koma kan boris ɗin tsakiya, inda hannuwan feda suka haɗu. Amma da na jijjiga su, babu wani motsi. Shin boris zai iya lalacewa ba tare da ya yi sako-sako ba? Kuma ta yaya zan bambance ƙararsa da ta tsagewar ƙarfen jikin keken, kafin in kwance shi?