Da a ce dodo mai aman wuta gaskiya ne, wa zai gina ganuwa?

Sadauki88:
Salamu alaikum jama'a. Daren jiya ina karanta yadda Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, ta faɗi a 1453, sai wani tunani ya hana ni barci. Ganuwar birnin ta ɓangaren tudu ta yi kusan shekara 1000 ba a fasa ta ba, sai da Sultan Muhammad na Biyu ya jawo manyan igwogi, ya yi kwana 53 yana yi mata luguden wuta. To, da a ce dodon nan mai fukafukai na tatsuniyoyin Turai yana nan da ransa, ina amfanin ganuwa? Abin da zai biyo ta sama ya dira tsakiyar gari! Ni dai a ganina cikin kogo da ƙarƙashin ƙasa za a yi birane. Ya kuka gani?

UwarBiyu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tsallake babbar tambaya: wa zai ciyar da shi? Hanibal, wani sarkin yaƙi na Arewacin Afirka, ya haura duwatsun Alfis na Turai da giwaye 37 a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma ba a jima ba sanyi ya kashe kusan dukansu. Giwa ke nan, mai cin ganye, ita ma takan cinye kilo 150 a yini. Ina ga mai cin nama? Duk sarkin da ya ɗaure shi a barga, kafin a buga tambarin yaƙi ya lashe garken ƙasar. Sarauta hannun makiyaya za ta koma. Ka ɗauka Mongol, makiyayan nan na Asiya, su ne suka samu irinsa, ga dabbobi, ga fili.

Bahari:
Ni dodon ruwa ne ya fi tsaya mini a rai. Majelan, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, ya tashi da jirage 5 a 1519, ɗaya tak ya kammala zagaya duniya ya dawo a 1522, alhali ba abin da ke haɗiye jirgi. Da akwai shi a Tekun Atilantika, anya za a kwashi 'yan Afirka sama da miliyan 12 a kai su bauta a nahiyar Amurka? Masara da tumatir ma da suna can inda suke.

Sadauki88:
Yaya UwarBiyu, kin kama ni, wallahi ban yi lissafin cikinsa ba. Amma Malam Bahari, maganarka ce ta sa jikina ya yi sanyi. Na koma na buɗe taswira, na ɗora yatsa a kan tekun nan, na daɗe ban ɗaga ba.