Don Allah ku taimaka, faktir ɗin imel ya rikita mini shago

Mai shago: Salamu alaikum ƴan uwa. Shagon buga takardu da fotokofi nake tsare wa kawuna nan unguwar Zariya. Kwamfuta huɗu ne, duk a haɗe, firinta guda, jakar ajiya guda. Kawu ya sha wuya kafin ya saye su, kuma tun farko matarshi ba ta so aka ba ni shagon ba, ɗanta take so wa, kullum jira take in yi kuskure. Ranar Talata imel ya shigo da sunan wani Alhaji da muke yi wa aiki, da faktir manne. Yaron shago ya danna a kwamfuta ta farko, ba abin da ya buɗe. Yanzu mutane na kirana wai na aiko musu faktir, kwamfuta ta biyu ma ta fara nauyi. Memuwar ɗin ɗalibai shida, wato kundin kammala karatunsu, na ciki. Kawu bai sani ba tukuna. Mi zan yi?

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun yanzu zare wayar rezo daga dukansu, ka kashe wifi. Tsutsa ce, wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta. Tana kwashe adireshin da ke akwatinka ta aika kanta da sunanka, ta kuma bi jakar da kuka raba ta shiga sauran. Alhajin ma haka aka yi mishi. Windows na ɓoye wutsiyar sunan fayil, kai ka ga faktir.pdf, alhali faktir.pdf.exe ne, wato manhaja ce, ba takarda ba. Tsohuwar dabara ce, da ita tsutsar ILOVEYOU ta fito daga Filifin a 2000 ta game duniya. Wane Windows gare ku?

Mai shago: Windows 7, yaya. Amma da antibiris a kai.

Mai gyara: Microsoft ta bar gyara 7 tun Janairun 2020. Tsutsar WannaCry a 2017 ba ta ma jira a danna komai ba, ƙofar raba fayil ta bi. Ka kwashe takardu kaɗai, ka goge huɗun kakaf.

Hajiya mai atamfa: Ɗana, kar ka yarda da gogewa! Ni haka wani ya karɓi jaka goma, ya share mini lissafin bashin shekara uku. Har yau akwai mata da ke rantsuwa sun biya.

Mai gyara: Hajiya, wannan ba mai gyara ba ne, mai ɓatawa ne.

Ɗalibi: Allah sa ba nawa memuwar ke ciki ba. Kile ɗina ma, wato USB, a wani shago duk takardun ciki suka ɓoye, sai gajerun hanyoyi (shortcut) suka maye wurinsu. Ni dai na ce ka sabunta antibiris ka yi sikan, ya isa. Kuma ka canza lambar sirrin imel daga wayarka.

Mai gyara: Lambar sirri, gaskiyarka. Amma ya sabunta da wane rezo, ga shi na ce ya zare?

Mai shago: Yaya, in na zare waya ai aiki ya tsaya, firintar a ta farko take. Kuma mashinan tsofaffi ne, ba su ɗaukar sabon Windows. Yaron ma ba laifinshi, sunan Alhaji ya gani.

Hajiya mai atamfa: Ka dai faɗa wa kawunka kafin matar ta riga ka.

Mai shago: Sai ya dawo daga Jibiya, Hajiya. To in na goge ta farko kaɗai fa, in bar ukun?