Taƙaitawa: Jarabar da babu mai gani sai Allah

'Yan'uwa cikin Kristi na Billiri, Kaltungo da cikin garin Gombe, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan yadda za mu tsaya wa jarabar da ke zuwa a ɓoye.

1. Kusan kowa ya yarda jaraba ba zunubi ba ce. Yesu ma an jarabce shi a jeji. Zama da ita ana lallaɓa ta, nan ne haɗarin.

2. Gudu ya fi gardama. An yi ta ambaton Yusufu da matar Fotifar a Farawa 39: da ta kama shi don ya kwana da ita, rigarsa ya bari ya fice. Da yawa sun ce da tsakar dare suka fi faɗuwa, gida ya yi tsit, waya na hannu. Sai suka koma barin wayar a falo, suna toshe lambobin da ke jan su.

3. Addu'a da haddace aya, musamman 1 Korantiyawa 10:13, wadda ta ce Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba.

Inda aka rabu shi ne furta zunubi. Wasu sun tsaya kan Yakubu 5:16, wadda ta ce mu furta wa juna zunubanmu, sun ce ɓoyewa ke ciyar da abin, a nemi dattijo amintacce. Wasu suka ce sun taɓa faɗa, kafin Lahadi magana ta zagaye ikilisiya. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Ni ina tare da na farko, amma a zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, mace ga mace, namiji ga namiji.

Wanda ya riga ya faɗi kuwa, kowa ya ce kada kunya ta hana shi zuwa sujada.