Me ya sa shanyewar ɓarin dama ke tafiya da magana?

Ɗalibar jinya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Malamai, don Allah me ya sa wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye yakan rasa magana?

Likita, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Babbar ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce. Jijiyoyin da ke kai umarnin motsi suna gitta juna a ƙasan gindin ƙwaƙwalwa, dab da inda laka ta fara, shi ya sa ɓarin hagu ke juya jikin dama. A yawancin mutane kuma cibiyar magana tana hagu, kamar yadda likitan Faransa Paul Broca ya nuna a shekarun 1860. Babbar jijiyar jini guda ce ke ciyar da wurin magana da wurin motsa fuska da hannu. In ta toshe ko ta fashe, duka sukan tafi tare.

Malamin ilimin jiki, Kawo:
Haka ne, likita. Ƙwaƙwalwa nauyinta kusan kilo 1.4 ne kawai, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta ajiya. Jini ya yanke na ƴan mintuna, ƙwayoyinta sun fara mutuwa.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi, a garzaya asibiti. Maganin narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi daga fara ganin alamun ake ba da shi, bayan hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ɗura wa mara lafiyan ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa.