Ina zan samu labarin yaƙin basasa daga bakin ƙananan sojoji?

Jikan_Samanja: Salam 'yan uwa. Dan Allah akwai wanda ya san littafi ko kaset da aka tattara labaran ƙananan sojojin da suka yi yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970? Ba na manyan hafsoshi ba, na kurtu da kofur da saje nake nufi. Kakana a runduna ta 2 ya yi, ta Murtala, ya rasu bara, abin da ya bari sai takardar sallama da lambar yabo a tsohon akwatin ƙarfe, kuma kullum in ya fara zancen tsallaka kogin Neja daga Asaba zuwa Anacha sai ya yi shiru a tsakiya ya ce yawancinsu fa ko iyo ba su iya ba. Ina son sanin bataliyarsu da inda suka bi.

Malam_Tarihi: Wa'alaikumussalam, Allah ya jiƙan tsoho. Gaskiya abin da ke kasuwa yawanci na manya ne kuma da Turanci. Obasanjo ya fitar da My Command a 1980, Alabi-Isama ya zo da The Tragedy of Victory a 2013 yana ƙaryata shi wurare da dama, amma duk biyun zancen runduna ta 3 ne, ta Adekunle, wadda ta shiga ta bakin teku. Ta ɓangaren Biyafara akwai na Madiebo, kwamandan sojansu. Ita ta 2 ɗin ce matsala, Murtala an kashe shi 1976, ga shi ita ta sha wuya a tsallaken nan na Oktoban 1967, sannan ga kwanton ɓaunar Abagana a Maris 1968 inda aka ƙone ayarin motocinsu. Duba takardar sallamar nan da kyau, lambarsa ta soja ita ce mabuɗi, da ita za ka nufi ofishin 'yan mazan jiya na jiharku.

Hajiya_Bariki: Ni a bariki na tashi, kuma wallahi abin nan yana min ciwo. Soja wajen dubu 10 ne kafin yaƙi, aka gama sun kai kusan dubu 250, yara daga ƙauyuka wasu horon 'yan makonni kawai sai bakin daga, har tsofaffin 'yan Boma, sojojin yaƙin duniya na biyu, aka maido, kuma Hausa ce yaren bariki ko Batibi ne kai ko ɗan Zuru, amma wa ya zauna ya naɗi muryarsu? Babanmu a runduna ta 1 yake, ta Shuwa, har ya tsufa in ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura, ya ce ya tuna bokitin Ojukwu, wannan nakiyar da 'yan Biyafara suka ƙera da kansu. Wanda ya shiga yana ɗan 18 yau ya haura 70 nesa. Ɗauki wayarka ka nemi abokan kakanka tun suna nan.

Abu_Sadiq: Hajiya ta yi gaskiya. Sai dai ɗan uwa ka shirya jin abin da ba daɗi, rundunar kakanka ta 2 ɗin nan ce ta shiga Asaba a Oktoban 1967 aka kashe ɗaruruwan maza fararen hula, mutanen garin har yau suna taron tunawa. Ka karanta shaidarsu su ma.

Jikan_Samanja: Na gode ƙwarai. Zan karanta na Asaba ɗin, ba zan kauce masa ba. Akwai aminin kakana ɗaya da ya rage a Kafanchan, tare suka shiga soja. Hajiya wace tambaya ya kamata in fara yi masa don kar in tayar masa da hankali?