Ƙuri'a ko tantancewa: wa ke zaɓen shugaba a Iran?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Tun jiya na ga ana ta murna a nan wai Mas'ud Pezeshkian na ɓangaren masu neman gyara ya kayar da Sa'id Jalili a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Iran na Yulin 2024. Ni dai ina kan bakana: zaɓen Iran zaɓen jeka-na-yi-ka ne. Shugaban ƙasa a can ɗan aike ne, wuƙa da nama suna hannun Jagora, wato shugaban addini na ƙoli, wanda a 2024 ɗin Ali Khamene'i ne. Mai ja ya ja.

Mustafa: Wa'alaikumus salam. Na ja, Allah ya gafarta Malam. Shekara huɗu na yi a Kum, birnin malamai na Iran, ina karatu, kuma ina can aka yi zaɓen 2013. Na ga layi a ƙofar masallacin unguwarmu har bayan isha'i, kowa riƙe da ɗan littafin shaidar haihuwarsa da ake buga wa hatimin zaɓe. Mai gasa burodin da muke saye a wurinsa rufe tanda ya yi ya tafi, hannunsa duk gari. Hasan Ruhani ya ci tun zagayen farko da kashi 50 da ɗoriya, Jalilin nan da ake cewa ɗan lelen manya ne, na uku ya zo. A 1997 ma kowa ya ɗauka shugaban majalisa Natik Nuri ne zai hau, sai Muhammad Khatami ya kwashe kusan kashi 70. Wane irin wasan kwaikwayo ne masu shirya shi ke shan kaye?

Barista Hauwa: Mustafa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Bar batun ƙirga ƙuri'a, tambayi wanda ya rubuta sunayen da ke kan takardar. Majalisar Kare Tsarin Mulki mutum 12 ne. Shida malaman fiƙihu, Jagora ke naɗa su kai tsaye. Shidan da suka rage masana doka ne, shugaban ɓangaren shari'a ke gabatar da su majalisar dokoki ta amince, shi kuma shugaban shari'ar Jagora ne ya naɗa shi. Su ke cewa wane ya tsaya, wane ya koma gida. A zaɓen 2024 mutum 80 suka yi rajista, shida aka bari. A 2013 ɗin da kake yabo, Rafsanjani suka hana, mutumin da ya yi shugaban ƙasa shekara takwas.

Ko za ka ce ai Majalisar Ƙwararru mai mutum 88 tana iya tsige Jagora? To, masu neman shiga cikinta ma waɗancan 12 ɗin ke tantance su. A farkon 2024 Ruhani kansa aka hana tsayawa. Kuma tun 1979 ba a taɓa barin mace ta yi takarar shugaban ƙasa ba, ana ta jan kalmar "rijal" da ke cikin tsarin mulki, maza take nufi ko manyan mutane.

Mustafa: Anti Barista, ina ne babu tantancewa? Mu nan daliget nawa ke zaɓa mana ɗan takara bayan an cika musu aljihu? Laifi tudu ne. Sannan ki duba tarihinsu. A 1953 Amurka da Ingila suka kifar da Musaddik, firaministan da majalisa ta ɗora, saboda ya ƙwace man fetur daga hannun Turawa. Daga 1980 zuwa 1988 suna yaƙi da Saddam. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Barista Hauwa: Daliget ɗinmu abin kunya ne, ban musa ba. Amma wanda jam'iyya ta hana yana iya sauya sheƙa ko ya tafi kotu. Wanda waɗancan suka hana ina zai kai kuka?

Alhaji Ɗanladi: Ku bar ni in sa baki, ni da na bi zamanin Khatami a rediyo, ina juyawa tsakanin BBC da sashen Hausa na Tehran kamar mai sauraron masu ƙara biyu. Mustafa ɗana, gaskiya ne mutumin ya ci zaɓe, har sau biyu ma. Amma me aka bar shi ya yi? A Yulin 1999 aka rufe jaridar Salam, ɗalibai suka yi bore, aka afka musu a ɗakunan kwanansu na Jami'ar Tehran cikin dare. Kwamandojin dakarun kare juyin juya hali su 24 suka rubuta masa takarda cewa haƙurinsu ya kusa ƙarewa. A Fabrairun 2000 mutanensa suka lashe mafi yawan kujerun majalisar dokoki, muka ce shi ke nan, an gama. Watan da ya biyo baya aka harbi mashawarcinsa Sa'id Hajjariyan a fuska, bai mutu ba amma ya nakasa. Afrilu, kotu ta rufe jaridu fiye da goma cikin 'yan kwanaki.

Abin da ban manta ba shi ne na Agustan shekarar. Majalisa ta zauna za ta sassauta dokar jarida, sai ga wasiƙar Jagora cewa a ajiye maganar. Mahdi Karrubi ne shugaban majalisa, ya sa aka karanta, aka yi hayaniya har da cacumar kwala, aka ajiye. Zaɓaɓɓu kusan 290, takarda ɗaya ta zaunar da su. Da 2004 ta zo kuwa aka soke 'yan takara sama da 2,000, ciki har da 'yan majalisa masu ci kusan 80, har da ƙanin Khatami da ke mataimakin shugaban majalisar. Suka yi zaman dirshan, fiye da 100 suka ajiye aiki, aka yi kunnen uwar shegu da su.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Kun ji ko? Ɗan aike.

Barista Hauwa: A'a Malam, kai ma ka zarce. Ɗan aike ba ya tilasta wa ma'aikatar leƙen asiri ta tona kanta. Bayan an kashe ɗan adawa Dariyush Foruhar da matarsa a gidansu a 1998, da wasu marubuta, matsin gwamnatin Khatami da 'yan jarida ne ya sa ma'aikatar ta fito a Janairun 1999 ta ce jami'anta ne suka aikata, minista ya sauka. Yarjejeniyar nukiliya ta 2015 ma, ko da yake sai da Jagora ya ba da izini, da Jalili ne a kujerar da wuya a ƙulla ta. Kujerar tana da nauyi, igiyarta ce gajera. Ko shugaba Ahmadinejad da aka ɗauka nasu ne, da ya kori ministan leƙen asiri a 2011 Jagora ya mayar da shi, gogan ya yi fushi ya zauna a gida kwana 11, ya dawo da ƙafarsa.

Sadiya: Ni tambaya gare ni, Yaya Mustafa. Kullum ana nuna kamar rigimar tsakanin masu addini ce da 'yan kanzagin Turawa. To Khatami ba mai rawani ba ne? Karrubi fa? Shi da Mir Husaini Musawi, firaministan zamanin yaƙi, an yi musu ɗaurin talala a gida a Fabrairun 2011 saboda rikicin zaɓen 2009, ba a kai su gaban alƙali ba. Su ma Amurka ce ta turo su?

Mustafa: Ban ce haka ba, ƙanwata.

Alhaji Ɗanladi: Ƙara masa da Ayatullahi Muntazari. Yana cikin waɗanda suka sa wilayatul faƙih, wato jagorancin malamin fiƙihu a kan ƙasa, a tsarin mulki, shi aka ayyana magajin Khumaini. Ya soki kashe fursunonin 1988, aka sauke shi a Maris 1989. A 1997 ya ce aikin Jagora sa ido ne, ba tsoma hannu a komai ba, aka kulle shi a gidansa na Kum har 2003.

Mustafa: Wannan kam, Baba, ba ni da ta cewa mai daɗi. A Kum in an ambaci sunansa sai ka ga an rage murya, kuma akwai malaman da ba su taɓa gamsuwa da abin da aka yi masa ba. Ni abin da nake karewa shi ne a daina cewa jama'ar ba su da ta cewa. In ba su da ita, me ya sa hukuma ke rawar jiki kan yawan masu fita zaɓe?

Barista Hauwa: Ai shi ya sa ya kamata lissafin ya dame ka. Kusan kashi 80 suka fita a 1997. A 2021, da aka share wa Ibrahim Ra'isi fage har tsohon shugaban majalisa Ali Larijani aka hana, ba a kai kashi 49 ba. Zagayen farko na 2024, wajen kashi 40. Tsakanin nan ga zanga-zangar da ta biyo bayan mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sandan ɗa'a a 2022. Ni ina zargin barin Pezeshkian da aka yi ma don a jawo mutane rumfa ne.

Malam Habu: Shi da bakinsa ya yi ta faɗa a kamfe cewa manufofin Jagora zai bi. Mustafa, mai burodin naka fa? Ya sake rufe tanda?

Mustafa: Mun yi waya shekaranjiya. A 2021 bai fita ba, zagayen farko na 2024 ma bai fita ba. Na biyun ya je. Na ce to ka yarda da Pezeshkian ke nan? Ya ce a'a, Jalili ne ba ya so ya hau.